Lamba Goma Sha Biyu a Rumfar Katako

Na Sikeli ake ce masa, kuma ko 'ya'yansa idan suna yi wa baƙo kwatancen gida haka suke faɗa: gidan Na Sikeli, bayan kasuwa, ƙofa mai shuɗin fenti. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran ma'auni a wani ɗan shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Sikelin mahauta mai ƙugiya, na masu hatsi mai faranti, na asibiti da ake ɗora jarirai, duk ta hannunsa suke bi. A kan kantarsa akwai akwatin duwatsun awo na tagulla, daga mai kilo biyar har wanda bai kai ƙwayar wake ba, kowanne zaune a raminsa. Siririn mutum ne marar yawan magana, wanda idan ka ba shi jaka ya riƙe maka sai ka ji ya ce, "Uku da rabi," ba tare da ka tambaye shi ba. Matarsa takan ce ita kaɗai ce macen da ba ta isa ta ɓoye wa mijinta ta yi ƙiba ba, don da zarar ya kama hannunta ta sauko daga mota ya gama sanin komai.

Bayan shagon akwai doguwar katanga, bayan katangar kuma filin ƙwallo. Ƙungiyar da ke wasa a wurin tana rukuni na uku tun yana saurayi, ba ta hau ba, ba ta faɗo ba. Masu Kore ake kiransu saboda launin rigarsu. Duk Asabar ɗin da suke gida, ihun 'yan kallo yakan tsallako katanga ya shigo masa shago har allurar sikelin da ke rataye ta riƙa rawa. Bai taɓa leƙawa ba. Amma kunnensa ya koyi yaren filin: ya san ihun ci, ya san na ɓarar da ƙwallo a bakin raga, ya san wanda ake yi wa alƙalin wasa, mai haɗawa da iyaye da kakanni.

Sai abubuwa biyu suka same shi kusan a tare. Sikeli mai batir ya cika kasuwa, irin wanda idan ya lalace jefarwa ake yi, aiki ya ja baya. Sannan matarsa ta kwanta ciwon kwana tara ta rasu. Autarsa, wadda ke aikin jinya, ta yi ta fama da shi ya koma gidanta.

"Baba, zaman kaɗaicin nan zai cinye ka. Ko ƙadangare ya fi ka fita."

"Ina fita mana. Ina zuwa shago."

"Shagon da daga kai sai duwatsu?"

Ya ƙi komawa gidanta. Amma wata Talata, ana saura kwana goma a fara sabuwar kakar wasa, ya rufe shago da hantsi, ya zagaya katangar nan da ya shekara talatin yana jingina mata keke, ya tsaya a tagar masu tikiti ya ce katin shekara yake so.

Mai tikitin, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya shimfiɗa taswirar kujeru.

"Rumfar siminti ko ta katako?"

"Wacce ke da inuwa?"

"Ta katako. Amma ta cika, sai guri ɗaya a layi na huɗu. Lamba goma sha ɗaya." Ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. "Mutum uku suka karɓe ta a shekara uku, kowa ya dawo ya ce a sauya masa. Sun ce akwai iska a wurin."

"Ina da rigar sanyi," in ji Na Sikeli.

Mai tikiti ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa, ya buga hatimi.

Ranar wasan farko ya iso da wuri, katin a aljihun gaba, ya sa riga mai guga kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Rumfar katako tsohuwa ce, layi tara na dogayen benci masu hawa-hawa, an rubuta lambobi da farin fenti da ya fara gogewa. Ya ƙirga, ya zauna. Mutanen layin suna ta hayaniya, ana musu a kan sabon mai tsaron gida. Zamansa ke da wuya sai hirar ta mutu, kamar an kashe rediyo. Har na layin gaba suka waiwayo.

Wani ƙaton mutum mai koriyar hula ya sunkuyo. "Malam, ɗan matsa hagu. Da mai ita."

Na Sikeli ya duba, ashe a kan goma sha biyu ya zauna. Ya ba da haƙuri ya matsa. Ƙaton ya zaro hankici ya goge wurin a hankali, sannan hira ta dawo. Aka fara wasa, aka je hutun rabin lokaci, mai kujerar bai zo ba. Rumfa ta cika maƙil har wasu na tsaye a matakala, amma ba wanda ya ko ɗora jaka a wannan gurbin.

Ƙaton nan shi ne Direba, tsohon matuƙin bas, a lamba goma sha uku. A hagun Na Sikeli kuma, lamba goma, akwai Ticha, wanda ya yi ritaya daga koyar da lissafi kuma yake rubuta kowane bugun kusurwa a ɗan littafi. Shi ne ya ba shi labarin a lokacin hutu, murya ƙasa-ƙasa.

Kujerar ta Kafinta ce. Shi ya yi wa rumfar nan aikin katako, benci da matakala da dogarin jingina baya da ke can saman layi na tara. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ana cikin wasa aka ci ƙwallo, mutane suka yi baya da murna, dogarin ya karye. Mutum biyar suka faɗo. Huɗu sun tashi. Na biyar ƙanen Kafinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ya raine shi.

"Ba wanda ya ga laifinsa," in ji Ticha. "Gara ce ta cinye katakon ta ciki, kuma sau biyu yana rubuta wa shugabanni a sauya. Amma da aka ɗauke yaron, sai ya miƙe daga nan inda kake gani ya ce da mu, 'Bari in dubo.' Shi ke nan. Ba a sake ganinsa ba, ba a gida, ba a asibiti, ba a wurin binnewa. An nema har an gaji. Matarsa ce ke sabunta katin duk shekara, ita da ba ta taɓa taka filin nan ba."

Na Sikeli ya tuna ranar. Yana shago yana ɗaure ƙugiyar wani sikeli ya ji wani ihu ya tsallako katanga, wanda bai taɓa jin irinsa ba. Ya fara da murna, a tsakiya ya karye.

An tashi wasan canjaras. Ya koma gida yana jin daɗin da bai zata ba. A wasa na biyu ya koyi mene ne satar gida, ko da yake Direba da Ticha kowa da yadda ya bayyana masa. Auta ta sayo masa koriyar hula tana dariya, ta ce, "Baba, saura mu ji an kama ka kana jifan rafli."

A wasa na uku ne ya fara jin ƙwanƙwasar.

Ya riga kowa zuwa, rumfa ba kowa sai shi. Daga can ƙarshen dama ya ji ƙwas, ƙwas, sau biyu, sai shiru. Can kuma ƙwas, ƙwas, ya ɗan matso. Daga ƙarƙashin benci sautin ke fitowa, yana tafiya a hankali kamar mai bin gidaje yana sallama. Ya iso layi na huɗu, ya bi lamba goma sha biyar, sha huɗu, sha uku. A sha biyu ya tsaya. Na Sikeli ya ji bugun a tafin ƙafarsa. Ya sunkuya ya leƙa ta tsakanin katakai, bai ga komai ba sai duhu.

Da Ticha ya zo ya gaya masa.

"Katako ne. Idan rana ta buge shi yana miƙewa," in ji Ticha, bai ɗago daga littafinsa ba.

"Katako yana miƙewa bi-da-bi, lamba bayan lamba?"

"Malam Na Sikeli, kallon ƙwallo ka zo."

Direba kuwa da ya ji, sai ya ɓarke da waƙar ƙungiya da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta fito.

Abin da ya fi tsaya masa a rai a ranar ba ƙwanƙwasar ba ce. Saura minti goma a tashi Masu Kore suka ci, rumfa gaba ɗaya ta yi sama ta dawo. Mutumin da ya shekara talatin yana auna kaya ya san yadda katako ke amsa nauyi. Ƙarti goma sha huɗu a benci guda, idan suka diro lokaci ɗaya, dole tsakiyar ta lotsa ko da faɗin yatsa ne. Ta wajen Ticha ta lotsa. Ta wajen sha biyu, inda ba kowa, bencin ɗagowa ya yi. Ya dafa wurin da tafin hannu, ya ji katakon yana turo shi sama, yana ɗan rawa, irin rawar da hannu ke yi idan ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa.

Ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta.

Sati biyu yana juya abin a shago. Wani mahauci ya kawo sikeli, ya gyara masa ya manta bai mayar da ƙugiya ba. Ya yi tunanin komawa wurin mai tikiti ya ce a sauya masa, ya zama na huɗu. Amma shi mutum ne da idan allura ta ƙi tsayawa a sifili ba ya iya cin abinci sai ya buɗe cikin sikelin ya ga dalili.

Wasa na huɗu ya zo da yayyafi. Da aka busa hutun rabin lokaci ya ce da Ticha zai zaga, ya sauka ya bi ta bayan rumfa. Akwai wata ƙofar langa-langa kusa da inda mai yankan ciyawa ke ajiye injinsa. Kwaɗon a rataye yake, ba a datse ba. Ya tura ya shiga.

Ciki duhu ne, sai siraran layukan haske da ke saukowa ta tsakanin benci. Sama da kansa ƙafafun mutane ne ke ta motsi, ɓawon gyaɗa na zubowa jefi-jefi. Ginshiƙai jere kamar kurmi. Ya zata zai ji warin ruɓa da fitsari, sai ya ji ƙamshin sabon katako. Ƙasa a share take. Da idonsa ya saba, sai ya ga kowane ginshiƙi an yi masa zane da alli, gajerun layuka ɗaruruwa, daga tsayin gwiwa har inda hannu ke kaiwa. Kawunan ƙusoshi sababbi suna ƙyalli. Wasu wuraren an ƙara matokari biyu, wasu uku.

"Kai ne sha ɗaya."

Muryar daga bayansa ta fito. Ya juya a hankali.

Wani mutum ne zaune a kan bulo, dogo, ƙasusuwan kafaɗa a waje, gemu fari fat. Rigarsa ta tsufa amma a wanke take. Guduma na kwance a cinyarsa. Layin haske ɗaya ya raba fuskarsa biyu.

"Ba ka da nauyi," mutumin ya ce. "Na bara ya fi ka."

"Hamsin da takwas," Na Sikeli ya ji bakinsa ya faɗa.

"Na ce sittin. Takalminka ne, ke nan." Ya gyaɗa kai kamar an warware masa wata matsala. "Direba ya ƙara. Ka gaya masa ya rage tsalle."

"Kai ne Kafinta?"

A sama aka busa usur, an dawo wasa. Mutumin ya miƙe, ya ɗauki wani buhu da aka ninka huɗu ya ɗora a kafaɗa, ya taka kan bulo biyu da aka jera, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin katakon da ke ɗauke da layi na huɗu. Wurin ya yi sulɓi, ya yi baƙi saboda guga. Daidai ƙasan lamba sha biyu ne.

Haka suka tsaya. Na Sikeli bai san minti nawa ba. Daga nan ƙasa wasan wani iri ne: ba ka ganin komai, sai numfashin mutum dubu da ke hawa yana sauka. Sai ya ji ihun ya fara tattaruwa, irin wanda ya sani tun daga shago, ƙwallo ta nufi raga. Mutumin ya rufe ido ya ciji leɓe.

Aka ci.

Rumfar ta yi ƙara kamar ana ɓarin duwatsu a kan kwano. Ƙura ta zubo, ginshiƙai suka yi kuka. Mutumin ya banƙare, ƙafafunsa na karkarwa, jijiyoyin wuyansa kamar igiya, bakinsa na motsi yana kiran wani suna da hayaniya ta hana a ji. Na Sikeli ya san sarai kafaɗar tsoho ɗaya ba ta riƙe rumfa. Ginshiƙan ne ke riƙe da ita. Amma da ya ga fuskar, bai san lokacin da shi ma ya ɗaga hannu biyu ya tokare katakon ba.

Da hayaniya ta lafa mutumin ya buɗe ido. "Ta riƙe," ya ce. Ya ɗauko alli a bayan kunne ya ja layi ɗaya a ginshiƙi.

"Bawan Allah," in ji Na Sikeli, "matarka tana nan. Duk shekara..."

"Hau sama, Malam. Gurbinka ba kowa, layin ya karkace."

Ya koma cikin duhu, tsakanin ginshiƙai, har Na Sikeli ya daina ganin farin gemun.

A bakin ƙofa ya ci karo da mai yankan ciyawa, yana tsaye da jarkar mai a hannu. Suka dubi juna.

"Ban ga ka shiga ba, ban ga ka fito ba," in ji mai ciyawa. "Ni dai abin da na sani, tun da na kama aiki a nan ba a taɓa aiko ni neman ƙusa ba. Kafin a buɗe ƙofa yana ciki, kafin a watse ya bi ta magudanar ruwa ya fice. Inda yake kwana, Allah ne masani. Ranar da na bi shi, juyowa ya yi ya dube ni, ban sake ba."

Na Sikeli ya kwana biyu bai gaya wa kowa ba. Ya so ya bar abin yadda ya same shi. Amma duk sanda ya shiga gida ya ga takalman matarsa da har yanzu suke bayan ƙofa, sai ya tambayi kansa: da wani zai san tana wani wuri da rai, ya yi shiru, me zai kira mutumin? Ranar Alhamis ya karɓi kwatance wurin mai tikiti ya hau keke.

Gidan ƙarami ne, a ƙarshen wani lungu. Matar Kafinta ɗinkin kayan 'yan makaranta take yi, ya tarar da ita a kan keken ɗinki, zare a baki, tulin shuɗin yadi a gefe. Sai da ta sa kafaɗa ta ɗaga ƙofar falo kafin ta buɗu, don ta sauka tana gugar ƙasa. Kujerar da ta ba shi ƙafa uku gare ta, an tokare ta huɗun da bulo. Murfin kabad a jingine yake da bango. Gidan kafinta, amma ba abin katako ɗaya mai lafiya.

Ta lura da idonsa. "Ba na kiran wani ya taɓa," ta ce. "Me ke tafe da kai, Malam?"

Ya gaya mata duka, tun daga ƙwanƙwasa har alli. Ta saurara ba ta katse shi ba, ba ta kuma nuna komai a fuska ba.

"Kai ne na bakwai," ta ce. "Wani ya gan shi a tashar mota, wani a bakin teku, wani har gaisawa suka yi a mafarki. Na gode da tattaki." Ta mayar da ƙafa kan keke. Sai kuma ta tsaya. "Da wane hannu ya ja layin?"

Na Sikeli ya rufe ido ya tuno. "Hagu."

Zaren da ke bakinta ya faɗi a cinyarta. Sannan ta ce, "Ƙarfe nawa ake fara wasan naku?"

Asabar ɗin da ta biyo ta zo, da katin a hannu, sabo fil kamar yau aka buga. Da ta hawo matakala layi na huɗu gaba ɗaya ya miƙe. Direba ya cire hula. Ta bi ta gabansu ta zauna a lamba goma sha biyu, ta haɗa ƙafafu, ta ɗora tafin hannu a kan katakon gefenta.

Ba a yi ƙwanƙwasa ba ranar. Na Sikeli ya kasa kunne har kansa ya yi ciwo. A minti na talatin Masu Kore suka ci, rumfa ta yi tsalle, bencin ya lotsa a ƙarƙashinsu faɗin yatsa guda, kamar kowane benci. A layi na huɗu ba wanda ya tashi. Ticha bai ko rubuta cin a littafi ba.

Da aka tashi suka sauka su biyu, ita da Na Sikeli, mai ciyawa ya buɗe musu. Ba buhu, ba guduma. Bulo biyun an jingine su a gefe. Ta bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya tana shafa zanen alli, ba ta yi kuka ba, ta fita.

Direba na jiran shi a waje, ido jawur.

"Kai kaɗai ne mai kunne? Shekara goma sha ɗaya muna zaune a kansa! Ka zaci ba mu san bugun gudumarsa ba? Mun bar shi ne inda yake iya zama. Wata biyu da zuwanka, ka kore shi."

"Ba wanda ya gaya mata," in ji Na Sikeli.

"Ka gaya mata. Yanzu ina yake?"

Na Sikeli ya tura kekensa har gida bai hau ba. Lahadi da Litinin bai buɗe shago ba, har Auta ta zo da abin awon jini tana faɗa.

Ranar Talata ya buɗe. Da hantsi inuwa ta tare masa ƙofa, ya ɗago, matar Kafinta ce. Ta ƙi zama.

"Da na koma gida ranar Asabar," ta ce, "na sa kafaɗa zan ɗaga ƙofa kamar kullum, saura kaɗan in kife. Ta buɗu da kanta. An cire ta, an fere ƙasan, an mayar. An share ɓawon katakon an tara a bakin murhu, yadda yake yi. Makullin gidan bai sauya ba tun da ya tafi. Ban taɓa sauyawa ba."

Na Sikeli ya ce, "Uwargida, ki zauna mana."

"Wasa na gaba yaushe ne?"

Tun daga nan ba ta sake fashi ba. Duk Asabar ɗin gida tana lamba goma sha biyu, duk kuma sanda ta koma akwai abin da aka gyara. Kujera ta samu ƙafa ta huɗu. Murfin kabad ya hau. Tagar ɗaki da ta shekara ba ta rufuwa ta rufu. Ta fara barin abinci a rufe a kan tebur, ta dawo ta tarar an wanke kwanon an kife. Sau ɗaya zuciya ta ci ta, ta sulale a hutun rabin lokaci ta hau mota ta koma. Ta tarar da ƙofa a buɗe, ƙamshin sabon katako ya cika falo, teburin ɗinkinta a kife, ƙusa ɗaya an buga ta rabi. Ta kira sunansa a kowane ɗaki. Asabar biyu bayan nan ba a taɓa komai a gidan ba. Ba ta sake gwadawa ba.

Na Sikeli kuwa ya matsa wa shugabannin ƙungiya lamba, da takarda da baki, har suka kawo injiniya ya duba rumfar. Mutumin ya yi awa biyu a ƙasa, ya fito yana kaɗe wando ya ce a duk filin ba abin da ya kai ta ƙwari, har rumfar siminti. Direba ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa. Ranar da aka ba su fenariti a minti na ƙarshe ne ya manta, ya damƙe Na Sikeli ya ɗaga shi sama, daga nan gaba ta wuce.

Masu Kore suka gama kakar a matsayi na tara. Bayan wasan ƙarshe Na Sikeli ya raka matar Kafinta bakin titi jiran mota. Tana ta murza katin a hannu.

"Ticha ya ce wata uku ba wasa."

"Haka ne."

"Wata uku ina zaune a gida ranar Asabar. Idan ina nan ba ya zuwa."

Na Sikeli ya leƙa titi ko mota na zuwa. Can ya ce, "Mai ciyawa yana yanka duk Asabar. Ƙofar gefe a buɗe take."

Asabar ɗin farko ta hutu, ƙarfe huɗu daidai, mai ciyawa ya kashe inji don ya zuba mai, ya ɗaga kai. Filin ba kowa, an kwance ragogi, an kulle tagar tikiti. A rumfar katako, layi na huɗu, tsofaffi biyu ne zaune gefe da gefe, shi da koriyar hula, ita da ɗinki a cinya tana sa maɓalli. Suka zauna minti arba'in da biyar, suka miƙe suka ɗan taka, suka dawo suka ƙara arba'in da biyar. Sannan ta duba agogonsa ta ce a ƙara minti goma, don kwanakin nan gadon kwananta ake gyarawa a gida, yana cin lokaci.